Karatun biyo'informatik: mene ne shi, ina ake yin shi, wane aiki yake kaiwa?

 Duk shekara in sakamakon bak ya fito, tambaya ɗaya ce ke yawo a gidaje: yaro ya ci, yarinya ta ci, to me za su karanta? Aikin likita, malanta, shari'a, aikin gona, waɗannan kowa ya san su. A 'yan shekarun nan kuma wata kalma ta shigo, yawanci ta bakin kawu ko yaya da ke waje. Sai ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp ya ce a sa yaro ya karanta biyo'informatik, wai a can shekara biyu ake yi a ƙaramar kwaleji a samu aiki. Uban yaro kuwa yana Korgom ko Kanambakashe, shi ne zai kai sa ko tumaki kasuwa don kuɗin karatun, kuma bai taɓa jin kalmar ba. Don shi muka tattara wannan bayani.

Amsar a dunƙule: karatun gaskiya ne, ya shafi hatsinmu da wakenmu da lafiyar yaranmu. Amma bene ne, ba a fara gina shi daga sama. Sai an kafa ƙasa da ilimin halittu ko ilimin kwamfuta, sannan a ɗora shi.

Rubutun da ke cikin ƙwayar hatsi

Kowane manomi ya san in ya shuka zango, zango zai girba, ba zanfarwa ba. Mai kiwo ya san jar akuyar Maraɗi irinta take haifa. Abin da ke ɗauke da wannan gado wani zare ne siriri ƙwarai da ke cikin jikin kowane mai rai, mutum ne, dabba ce, tsiro ne ko ƙwayar cuta. A lakwal da Faransanci ana ce mishi ADN, 'yan Najeriya su ce DNA. Zaren nan kamar rubutu yake, sai dai haruffansa huɗu ne kacal, masana suka sa musu A, C, G da T. Yadda aka jera su ne ke sa wannan hatsi ya yi doguwar zangarniya, wancan ya nuna da wuri. Yankin rubutun da ke kula da wani hali guda, shi za mu riƙa kira ƙwayar gado. Rubutun baki ɗaya kuma mu ce mishi kundin gado.

Harafi ɗaya yana iya canza rayuwar mutum. Ciwon sikila, wanda wasu ke kira amosanin jini, asalinsa harafi ɗaya ne: inda ya kamata a samu A sai aka samu T a ƙwayar gadon da ke haɗa jan jini. In uwa da uba duka suna ɗauke da shi, wato masu AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon.

Matsalar ita ce yawan rubutun. Kundin gadon mutum ya kai haruffa miliyar 3, wato biliyan 3. Na hatsi kusan miliyar 1.8. In mutum ya zauna yana karanta harafi ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin tuwo, sai ya haura shekara 56 bai gama na hatsi ba. Kuma na'urar da ke karanta zaren ba ta karanta shi daga farko zuwa ƙarshe. Guntu-guntu take fitarwa, miliyoyi, a cakuɗe. Kamar a ɗauki wasiƙa ɗaya a kwafe ta sau talatin, a yayyaga duka, a zuba a buhu, a ce ka maido da ita ta hanyar duba inda wannan guntu ya yi daidai da bakin wancan. Ba ɗan Adam da zai iya, sai kwamfuta, wadda muke ce wa ordinater. Ita kuma ba ta san hatsi ba, sai an rubuta mata umarni. Mutumin da ya san halittu, ya san lissafi, ya iya rubuta wa kwamfuta wannan umarni, ya kuma gane ma'anar abin da ta fitar, shi ne mai biyo'informatik.

Fannin bai tsufa ba. Wata Ba'amurkiya, Margaret Dayhoff, ta fara tattara irin waɗannan bayanai da kwamfuta, ta fitar da kundinta na farko a 1965. Sunan kuma wata 'yar Holan, Paulien Hogeweg, da abokin aikinta Ben Hesper suka raɗa shi a 1970. Mun ambaci wannan da gangan saboda iyayen da ke ganin karatun kimiyya na maza ne. Aikin karanta kundin gadon mutum ya ɗauki daga 1990 zuwa 2003, ya ci kusan dala miliyar 3, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Yau ana yin shi da ƙasa da dala 1,000. Da karatun ya yi araha sai bayanai suka yi yawa, masu iya fassara su suka yi kaɗan. Daga nan sana'ar ta samu kasuwa.

Abu ɗaya da ake yawan rikitawa: karanta kundin gado daban, canza shi daban. Irin da aka sa wa ƙwayar gado daga wata halitta, kamar waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta Zariya ta fitar a 2019, wannan wata magana ce mai zaman kanta, da masu so da masu ƙi. Abin da muke bayani a nan karatu ne da kwatantawa.

Abin da aka karanto a hatsinmu da wakenmu

A nan ne maganar ta fi yi mana daɗi. A 1976 masu bincike sun zaga ƙauyukan Nijar inda ake noman hatsi, suka karɓi iri daga hannun manoma suka adana. A 2003 aka koma ƙauyukan nan dai aka sake karɓa. Sai aka shuka tsohon da sabon gefe da gefe har damana uku, aka auna, aka kuma duba ƙwayoyin gadonsu. Sakamakon ya fito a 2011, ƙarƙashin jagorancin Yves Vigouroux na cibiyar IRD ta Faransa tare da masana na Nijar. Manyan irin da manoma ke shukawa ba su canza ba, sunayen nan ne dai. Amma hatsin 2003 ya fi saurin nuna, karansa ya fi gajarta, zangarniyarsa ta ragu. Kuma wani nau'i na ƙwayar gado mai suna PHYC, mai sa hatsi ya yi bununi da wuri, ya ƙaru a cikin irin fiye da yadda za a ce dace ne.

Ku duba abin da wannan ke nufi. Tsakanin shekarun biyu an sha fari, har da na 1984 wanda dattawanmu ba su manta ba. Hatsin da ya riga ɗaukewar ruwa shi ya yi ido, shi manomi ya ware ya rataye don iri. Shekara bayan shekara, iyayenmu da damana suka gyara irin da kansu, ba tare da sun san sunan wata ƙwayar gado ba. Masu kwamfuta sun zo ne daga baya suka karanta abin da aka riga aka rubuta a gona. Shi ya sa muke ganin ɗan manomi da ya shiga wannan fanni bai shiga a baƙo ba. Ya san bambancin ankutes da gergera, ya san abin da murzuna ke yi wa zangarniya, ya san gonar jigawa da ta fadama. Wanda ya tashi a birnin Turai sai an koya mishi wannan duka.

A 2017 aka fitar da cikakken kundin gadon hatsi. Cibiyar ICRISAT ce ta jagoranta, wadda ke da babbar tasha da rumbun adana iri a Sadore kusa da Yamai, tare da IRD da cibiyar BGI ta Sin. An ƙidaya ƙwayoyin gado sama da 38,000, aka kuma karanta iri 994 don kwatantawa. Shekara ɗaya bayan haka wani bincike ya bi sawun asalin hatsi ta wannan hanya, ya nuna an fara noma shi a yammacin Sahara, wajejen arewacin Mali da Muritaniya, kimanin shekara 4,900 da suka wuce.

Wake ma haka. Kundin gadonsa ya fito a 2019 daga jami'ar Kaliforniya ta Riverside, kuma irin da aka zaɓa aka karanta shi ne IT97K-499-35, wanda cibiyar IITA ta samar a Kano, ake kuma shuka shi a nan Nijar. An san shi da jure ƙuduji, wato wuta-wuta. Juriyar kuwa ya gado ta daga wani waken ƙasar Botswana da ake kira B301. Amfanin sanin wurin da juriyar take a rubutun shi ne wannan: mai gyaran iri in ya haɗa wake biyu aure ya samu 'ya'ya ɗari biyar, da sai ya shuka su duka a gona mai ƙuduji ya jira ƙarshen damana ya ga wanda ya tsira. Yanzu yana iya tsinkar ɗan ganye tun tsiron yana ƙarami, a duba a ɗakin awo, a ware masu alamar juriya, a zubar da sauran. Gwajin gona bai faɗi ba, dole a yi shi. Amma an rage shekaru da wahala.

Sanƙarau da masassara

Mu da ke cikin yankin sanƙarau mun san lokacinsa, daga hunturu zuwa bazara. Ƙwayar cutar tana da rukuni-rukuni, kuma allurar wani rukuni ba ta kare wani. Daga 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina, rukunin A da ya daɗe yana kashe mutane ya kusan ɓacewa. Sai a 2015 annoba ta tashi a Nijar, ta fi ƙarfi a Yamai da Doso: mutum 8,500 da ake zaton sun kamu, 573 suka rasu, bisa ƙidayar Hukumar Lafiya ta Duniya. Awo ya nuna rukunin C ne. Da aka karanta kundin gadon ƙwayar, aka ga sabon zuri'a ne, shi ne wanda ya ɓulla a jihohin Sakkwato da Kabi a 2013 da 2014. A 2017 ya sake tashi a Zamfara, Sakkwato da Katsina, maƙwabtanmu na kudu, ya kama sama da mutum 14,000. Sanin wane rukuni ne ke yawo, daga ina ya fito, shi ke nuna wace allura za a nemo. A Nijar cibiyar CERMES da ke Yamai ce ke riƙe da babban ɗakin awon sanƙarau na ƙasa.

Masassarar cizon sauro ita ma ana bin ta da wannan ido. Ƙwayarta tana canza haruffa ta koyi jure magani. A 2014 aka gano canjin da ke sa ta jure maganin artemisinin a wata ƙwayar gado mai suna kelch13, a Kambodiya, daga baya aka gan shi a Ruwanda da Yuganda. A Eritiriya kuma ƙwayar ta zubar da yankin da ɗan abin awon gaggawa ke ganewa, sai awo ya ce ba masassara alhali tana nan, har ƙasar ta canza abin awo a 2016. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yaranmu da damana, sai ana duba ko yana nan da ƙarfinsa, kuma da karanta jinin da aka ɗiga a takarda ake dubawa.

Lokacin korona, cibiyar ACEGID da ke jami'ar Redeemer's a Ede ta Najeriya, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ta fara fitar da kundin gadon ƙwayar daga Afirka, a Maris 2020. Yanzu akwai na'urar karantawa mai suna MinION da ba ta kai girman salula ba, an yi aiki da ita a Gine lokacin Ebola a 2015.

Hanya daga lise

Ba a fafe gora ranar tafiya. Zaɓin farko yana zuwa ne tun bayan BEPC, lokacin da yaro zai shiga lise: sashen kimiyya zai bi, ya fito da bak D ko C. Mai bak A hanyar ta yi mishi nisa. Lissafi ne matattarar. Yaron da ke son ilimin halittu amma yana gudun lissafi, gara a gaya mishi gaskiya tun yanzu.

Bayan bak akwai ƙofa biyu. Ta farko ita ce ta halittu: lisans na shekara uku a ilimin halittu, aikin gona ko lafiya. Mafi kusa da mu ita ce jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, mai tsangayar kimiyya da fasaha, da ta aikin gona da muhalli, da ta lafiya. Akwai jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da André Salifou a Damagaram. Ƙofa ta biyu ita ce ta lissafi da kwamfuta, a jami'a ko a makaranta irin IAI da ke Yamai. Ko ta wace aka shiga, sai an ciko ɗaya ɓangaren: mai halittu ya koyi rubuta umarni, mai kwamfuta ya koma ya koyi yadda rai ke aiki.

Sunan biyo'informatik kansa yawanci a matakin masta ake samun shi a takarda. A yankinmu na masu Faransanci, jami'ar kimiyya da fasaha ta Bamako ta buɗe cibiya ta musamman a 2015 da taimakon hukumar binciken lafiya ta Amurka, tana ba da masta a fannin. A Najeriya jami'ar Covenant da ke Ota da ta Redeemer's sun yi suna. Wanda ya karkata ga gyaran iri, akwai cibiyar WACCI a jami'ar Gana, an kafa ta a 2007, masana da dama na INRAN can suka yi dakta, sannan akwai cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa a jami'ar Bayero ta Kano. Ku lissafa: uku na lisans, biyu na masta, in za a yi dakta a ƙara uku ko fiye. Tallafin karatu na gwamnati ta hannun hukumar ANAB ake neman shi, na masta da dakta kuma sau da yawa yana zuwa ne daga ayyukan bincike.

Wani abu da ya bambanta wannan fanni da karatun likita: rabinsa ana iya fara koyo a ɗaki, kyauta. Rumbun GenBank da ke Amurka, wanda aka buɗe a 1982, kowa na iya shiga ya sauke kundin gadon hatsi ko na sauro ba ko dala. Manhajar BLAST tana kwatanta guntun rubutu da duk abin da ke rumbun cikin ɗan lokaci. Dandalin Galaxy yana barin mutum ya yi babban lissafi a kan manyan kwamfutocin Turai daga ƙaramar tasa. Abin da ake koya shi ne tsarin Linux, da harsunan umarni biyu, Python da R, da lissafin ƙididdiga. Ƙungiyar H3ABioNet, da aka kafa a 2012 ƙarƙashin Farfesa Nicola Mulder ta jami'ar Cape Town, ta koyar da dubban 'yan Afirka darasin farko ta intanet daga 2016, kuma CERMES ta kasance cikin cibiyoyinta.

Sai Turanci. Ba ma jin daɗin faɗa, amma haka abin yake: littattafan fannin, umarnin manhajoji, saƙon da kwamfuta ke bayarwa in ta ƙi aiki, kusan duka da Ingilishi ne. Yaranmu da suka yi zama a Katsina ko Kano suna da riba a nan da ba su sani ba.

Maganar kwalejin shekara biyu

To mu koma ga saƙon kawu. Abin da yake nufi gaskiya ne a inda yake. A Amurka akwai kwalejojin unguwa kusan dubu, na gwamnati, masu karɓar kusan duk wanda ya gama sakandare. Ana yin shekara biyu a samu ƙaramar difloma, kuɗinsu bai kai na jami'a ba, ana iya karatu da yamma ana aiki da rana. 'Yan uwanmu na Bronx a New York da na Greensboro suna da irinsu a kusa da gida. Da yawa suna koyar da aikin ɗakin awo da ilimin kwamfuta, wasu har da darussan biyo'informatik. Amma mai shekara biyu, aikin da ya fi samu shi ne na ma'aikacin ɗakin awo: shirya samfur, tafiyar da na'ura, tsabtace bayanai. Kujerar mai fassara bayanan, masu ɗaukar aiki sun fi neman mai digiri ko masta. Babban amfanin kwalejin shi ne tsani ce: a yi shekara biyu da araha, a ɗauki makin a wuce jami'a a cika biyu. Don haka tun ranar rajista a tambaya ko jami'ar jihar tana karɓar makin darussan da za a ɗauka, don ba duka take karɓa ba.

Wannan hanya ta fi dacewa da yaran da ke can da takardun zama. Wanda zai taso daga Tasawa sai ya nemi bizar ɗalibi, wadda ba ta samuwa da sauƙi, ya nuna kuɗin shekara a banki, ya biya kuɗin makaranta fiye da na ɗan jiha, kuma doka ba ta ba shi damar aiki yadda ya so ba.

A gida abin da ya yi kama da ita shi ne gajeren karatun sana'a na shekara biyu zuwa uku: BTS, ko cibiyoyin IUT na jami'o'i, ko makarantun lafiya na ƙasa na Yamai da Damagaram masu fitar da ma'aikatan ɗakin awo, ko makarantar aikin gona ta Kolo. Ba za a rubuta biyo'informatik a takardar ba. Amma wanda ya fito da ita ya kuma iya kwamfuta da gaske, ya taka matakin farko, kuma yana da sana'ar ci da kai ko da bai ci gaba ba. Ga gidan da ƙarfinsa bai kai shekara biyar ba, mu wannan muka fi ba da shawara.

Ina aikin yake?

A nan sai mu yi a hankali, kar mu sayar muku da abin da babu. Guraben mai biyo'informatik zalla a Nijar kaɗan ne, kuma yawancinsu a Yamai. Wuraren da ke buƙatar irin wannan hannu su ne CERMES, ICRISAT, cibiyar binciken noma ta ƙasa INRAN wadda ke da reshe a Tarna nan Maraɗi, ɗakin awon dabbobi na ƙasa LABOCEL, da jami'o'i. Masu kiwon kaji za su tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magarya a 2006. Bin sawun irin wannan cuta aikin fannin ne. Aiki da yawa kuma na kwantaragi ne, yana rayuwa da kuɗin foroje, in foroje ya ƙare sai a sake nema.

Abin da ya fi yawa shi ne aikin da ke kewaye da shi. Cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitocin MSF tana da tashar bincike a Maraɗi. Ita ta gwada allurar gudawar yara mai jure zafi, Rotasiil, a Madarunfa kan jarirai sama da 3,500, sakamakon ya fito a 2017. Irin wannan aiki yana cin ma'aikatan awo, masu shigar da bayanai, masu kula da rumbun bayanai, masu ƙididdiga. Gundumomin lafiya suna tura alƙalumansu ta tsarin DHIS2, asibitoci suna da na'urar GeneXpert mai gano tarin fuka da ko yana jin magani. Tarayyar manoma ta FUMA Gaskiya tana gwajin iri a gonakin mambobinta tare da masu bincike, har a Sarkin Hausa cikin Mayahi, kuma duk gwaji sai an rubuta an lissafa. Wanda ya iya Python da R da ƙididdiga, in bai samu ɗakin bincike ba, banki da kamfanin salula da hukumar ƙididdiga ta ƙasa duk suna aiki da wannan ilimi.

Akwai kuma aiki daga nesa, mutum yana Maraɗi yana yi wa wata cibiya a waje lissafi. Ana yi, amma sai wanda ya riga ya yi suna, kuma sai da wuta da intanet masu tsayawa. Mu da muka san yadda kuran ke ɗaukewa da bazara ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Dalilin da ya sa duk da haka muke son yaranmu su shiga: shekara da shekaru jinin marasa lafiyarmu da irin gonakinmu ana ɗauka a kai waje a karanta, sakamako ya dawo bayan watanni, wani lokaci annoba ta riga ta wuce. Akwai yarjejeniyar Nagoya ta 2010 da ta ce a raba amfanin albarkatun halitta da ƙasar da aka ɗauko su. Amma ƙasar da ba ta da masu karanta bayanan, ko an ba ta kwafi, ajiya kawai za ta yi.

Kafin a kai sa kasuwa

In wata makaranta mai zaman kanta ta ce tana koyar da fannin, a je da ƙafa a gani. A tambaya ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da diflomar, ko hukumar CAMES ta san da ita, don ita ce ke sa takarda ta yi aiki a sauran ƙasashen Faransanci. A nemi ganin ɗakin awo da ɗakin kwamfuta, a ƙirga na'urorin da ke kunnuwa, ba waɗanda aka jera don hoto ba. A tambaya ina ɗaliban bara suka yi zaman koyon aiki, ina suke yanzu. Makarantar kirki ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi.

Ku kuma 'yan uwa na waje, in kuna son taimakawa, kwamfutar hannu ta fi babbar salula amfani nesa ba kusa ba. Ko ta hannu ce ba laifi, in dai batirinta na riƙe wuta kuma ƙwaƙwalwar aikinta ta kai giga 8, in da hali 16. Ku haɗa da ɗan faifan sola da kuɗin intanet na wata-wata. Yaron da ke shekarar farko a Maraɗi zai iya sa mata Linux a makon da ta iso, ya sauke kundin gadon wake, ya fara da neman wurin da juriyar ƙuduji take.